Bayan an dasa na'urar ƙarfin gaba: yadda ake gane cuta da mutuwar nama tun da wuri

Namijin da gabansa ya daina miƙewa, ya sha ƙwayoyi irin su Viagra ba su yi ba, an gwada allurar da ake yi a jikin azzakarin ita ma ta gaza, abin da ya rage wa likitan mafitsara shi ne ya dasa masa na'ura a cikin gaban. Aiki ne da ya daɗe. Tun 1973 Dakta Brantley Scott ya fito da na'urar da ake hurawa a birnin Houston na Amurka, kuma galibin waɗanda aka yi wa suna komawa ga iyalinsu lafiya lau. Sai dai cikin mutum 100 da aka yi wa aikin karon farko, ɗaya zuwa uku ƙwayoyin cuta kan kama na'urar tasu, adadin kuma ya fi haka idan aiki na biyu ne ko na uku. Wasu ƙalilan kuwa naman gaban ne ke mutuwa. Waɗannan abubuwa biyu su ke raba mutum da na'urar, wani lokaci da wani sashe na gabansa, wani lokaci ma da ransa. Abin da ya fi yanke hukunci shi ne awa nawa aka ɓata kafin a koma gaban likita.

Abin da aka saka maka, da dalilin da ƙwaya ba ta isa

A cikin azzakari akwai dogayen jakunkuna biyu masu kama da soso, su ne ke cika da jini gaba ya miƙe. A ƙarƙashinsu bututun fitsari yake, shi ma lulluɓe da nasa soson, wanda ya je ya buɗe ya zama kan kaciya. Likita yana buɗa jakunkunan nan biyu ya zura sanda a kowace. Akwai sandunan roba masu lanƙwasuwa, a miƙar da su da hannu, a kwantar da su da hannu. Akwai kuma mai kashi uku, irin su AMS 700 da Coloplast Titan: sanduna biyu da ake hurawa, ɗan famfo a cikin jakar maraina, da ƴar jakar ruwan gishiri mai cin mililita 65 zuwa 125 a bayan ƙashin mara kusa da mafitsara. Siraran bututai sun haɗa su duka. Don haka in cuta ta kama famfo, a ɗauka ta kama sandunan da jakar ruwan ma, ko da ba su nuna ba tukuna.

Yawancin ƙwayoyin cutar daga fatar majiyyacin kansa suke shiga, a ranar aikin. Da zarar sun sami jikin roba sai su manne, su shimfiɗa wa kansu wani yauƙi, kamar santsin da ke kama cikin randar da aka daɗe ba a wanke ba. A ƙarƙashin yauƙin nan suke fakewa. Roba ba ta da jijiyar jini, tantanin da jiki ke naɗe ta da shi ma jininsa kaɗan ne, saboda haka maganin da ka haɗiya ko aka yi maka a jijiya ba ya isa inda suke da ƙarfin da zai kashe su. Zai iya sauke zazzaɓi ya rage ja na mako ɗaya ko biyu, ana dainawa abin ya dawo. Shi ya sa sayen antibayotik a kemis bayan irin wannan aiki babbar asara ce: yana rufe alamomin, ya ɓata gwajin da likita zai yi, ya cinye kwanakin da za a iya ceton gaban a cikinsu.

A da Staphylococcus epidermidis, ƙwayar da ke zaune a fatar kowa, ita ce kan gaba. Daga 2001 aka fara shafe na'urorin AMS da magungunan kashe ƙwayoyin cuta rifampin da minocycline, shekara guda bayan haka aka fito da Titan mai fatar da ke tsotse ruwan maganin da aka tsoma ta ciki. Cutar ta ragu sosai, amma waɗanda ke tsallake wannan kariyar yanzu sun fi tsanani: E. coli, Staphylococcus aureus mai bijire wa magani, da Candida, naman gwarin nan da ya fi addabar masu ciwon suga da masu ƙiba.

Kafin ranar tiyata

Ciwon suga shi ne abu na farko, don shi ne ke kai mutane da yawa ga wannan aikin, shi ne kuma ke lalata shi. Gwajin yatsa na safe ɗaya bai isa ba. A yi HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a watanni uku da suka wuce. Likitoci da dama sun ja layi a 8.5, in ya haura haka sai a ɗage aikin a daidaita sugan tukuna. Mun san mutum ya riga ya tara kuɗi, wataƙila ya yanki tikiti, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan ba aikin gaggawa ba ne, jiran wata uku ba ya cutar da kowa. Mai shan maganin suga empagliflozin ko dapagliflozin ko canagliflozin ya faɗa wa likita da bakinsa. Ana dakatar da su kwana uku kafin tiyata, kuma a 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ana samun ruɓewar matse-matsi ga wasu masu shan su.

Taba a bar ta aƙalla mako huɗu kafin aiki, har da shisha, a kuma ci gaba da barinta bayansa, saboda tana matse ƙananan jijiyoyin da kan kaciya ya dogara da su. A gwada fitsari a tabbatar babu cuta. A duba fatar mara da matse-matsi da kyau: ƙurji, maruru, ko ƙaiƙayin nan mai zagaye da ke fitowa lokacin zafi saboda gumi, duk sai sun warke sarai. Gyambo a ƙafa ko ruɓaɓɓen haƙori ma dalili ne na dakatawa. Wasu asibitocin kan goge cikin hanci su gwada, in an sami ƙwayar mai bijirewa a ba da man mupirocin na kwana biyar.

Kada ka aske gabanka da reza ko aska a daren jajibiri. Mutane na yi da niyyar tsafta, amma reza na barin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, kafin safiya sun cika da ƙwayoyin cuta. A bar wa ma'aikatan ɗakin tiyata su rage gashin da injin aski dab da fara aiki. Naka shi ne wanka da sabulun chlorhexidine a kwanakin ƙarshe yadda aka umarce ka.

Masu sikila suna da nasu lissafin. Miƙewar gaba da ta ƙi kwanciya, wadda ke yawan samun samari masu sikila a ƙasar Hausa, in ta daɗe takan mayar da soson nan tabo mai tauri. Buɗa irin wannan nama ya fi wuya, aikin ya fi daɗewa, haɗarin huda bututun fitsari da na cuta ya fi yawa. Dole likitan jini ya shiga cikin shirin tun farko.

Ka kuma yi wa likitan tambayoyi ba tare da kunya ba. Irin wannan aiki nawa yake yi a shekara? Na'urar mai shafen magani ce? Da me zai wanke fata? Chlorhexidine mai barasa ya fi aidin rage ƙwayoyin fata. Maganin rigakafi ta jijiya, galibi gentamicin tare da vancomycin ko wani daga dangin cephalosporin, sai ya shiga jiki kafin a tsaga, ba bayan an gama ba. Akwai dabarar da Dakta François Eid na New York ya yaɗa, inda ake rufe fata gaba ɗaya da leda ta yadda na'ura da safar hannu ba sa taɓa ta ko kaɗan. Da ita ya sauko da cutar zuwa ƙasa da mutum ɗaya cikin 200.

Kwana biyun farko: idonka a kan kaciya

Nan ne za mu daɗe, don nan ne aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Kan kaciya yana samun jini ta hanya biyu: jijiyoyin da ke bin bayan azzakari, da waɗanda ke bin soson bututun fitsari. Bayan aiki sanduna na tura nama daga ciki, bandeji na matsewa daga waje, robar fitsari na cika bututun. Ga mai lafiyayyun jijiyoyi wannan ba komai ba ne. Ga wanda suga da taba da ciwon jijiyoyin zuciya suka riga suka ƙuntata wa jijiyoyi, ko wanda aka taɓa gasa wa ƙugu a asibiti saboda ciwon daji, ko aka taɓa cire masa wata na'urar, ɗan matsin nan ya isa ya yanke jinin. Haɗarin na ƙaruwa in an yanka ta ƙarƙashin kan kaciya aka saɓule fatar azzakarin, ko aka haɗa da aikin ƙara tsawo a zama ɗaya.

A 2017 Dakta Steven Wilson da abokan aikinsa sun tattara bayanan mutum 21 da wannan ya same su. Huɗu aka cire musu na'urar nan take, suka warke da gabansu cikakke. Sauran 17 aka tsaya ana jira a ga yadda abin zai kaya, dukkansu suka rasa babban sashe na kan kaciyar. Darasin a fili yake: in kan kaciya ya dushe, ba a kwana a kansa.

Littattafan likitanci na cewa a lura da shuɗi ko shunayya, amma a baƙar fata launi ba ya fita haka. Ga yadda za ka duba. Tun kafin aiki ɗauki hoton kan kaciyar da wayarka a hasken rana, don ka sami abin kwatantawa. Bayan aiki a bar kan a buɗe a wajen bandeji, a duba shi duk bayan awa uku ko huɗu da tocila mai farin haske. Buɗa bakin ƙofar fitsari kaɗan: cikinsa ja ne ko ruwan hoda ga kowa komai duhun fatarsa, in ya koma toka-toka ko baƙi-baƙi akwai matsala. Danna kan da yatsa ka saki. Launin ya dawo cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Taɓa shi da bayan yatsa ka kwatanta da cinya, kada ya yi sanyi. Bororo mai ruwa, mutuwar ji, ko zugin da allurar kashe zafi ba ta taɓa shi, kowane ɗaya ya isa a taso likita ko da tsakar dare ne.

Matakin farko a asibiti shi ne a kwance bandejin, a sace ruwan sandunan gaba ɗaya in na hurawa ne, a cire robar fitsari ko a sa ƙarama. In launin bai dawo ba, sandunan za su fita a ranar. Majiyyaci kan roƙi a ƙara masa kwana ɗaya saboda kuɗin da ya kashe. Na'ura ana iya sake sawa bayan watanni, kan kaciyar da ya mutu kuwa yanke shi ake yi.

Makonni shida a gida

Kumburin jakar maraina, taruwar jini a ƙarƙashin fata, da ciwo mai tsanani a makon farko duk ba abin tsoro ba ne. Abin lura shi ne alkiblarsu: kowane mako ya fi na baya sauƙi. Sa ɗan kamfai mai riƙe maraina, azzakarin ya kwanta sama yana kallon cibiya. Kada ka ɗaga kaya masu nauyi, kada ka hau babur ko keke. Wajen tsarki, zuba ruwan buta ta yadda na bayan gida ba zai gangaro kan ɗinkin ba, sannan ka tsane wurin da tsabtataccen ƙyalle ba tare da gogawa ba. Ruwan bagaruwa, man zafi, garin magani, toka, babu wanda zai taɓa wurin. Mai suga ya riƙa gwadawa kullum, ya tsare shi ƙasa da 180 a na'urar da ke ƙirga da miligiram, wato 10 a mai ƙirga da milimol. Kusantar iyali sai likita ya ba da izini, galibi bayan mako shida.

Cutar na zuwa da fuska biyu. Mai zafin ta fi bayyana a makonnin farko: zazzaɓin da ya kai digiri 38, jin sanyi da karkarwa, jakar maraina ta yi ja ta yi zafi tana ƙyalli, ɗinki ya buɗe yana fitar da mugunya ko ruwa mai wari. Wannan kowa na gane ta. Mai sanyin ita ce ke yaudara, tana iya ɗaukar watanni, har shekara ko fiye. Babu zazzaɓi, gwajin jini ma na iya fitowa lafiya. Sai dai ciwon da ya kamata ya tafi bayan mako huɗu zuwa shida ya ƙi tafiya, ko ya tafi ya dawo, musamman in an taɓa famfon. Ga alamar da likitocin wannan fanni suka fi yarda da ita: famfo lafiyayye yana yawo a cikin jaka, kana iya kama fatar ka ɗaga ta daban da shi. In fatar ta manne masa ta ƙi ɗaguwa, ta yi kauri ko ta yi siriri har kana hango siffarsa, cuta ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. In kuwa wani sashe na roba ya huda fata ya leƙo, ko ya fito ta ƙofar fitsari, ko fitsari ya fara fita da jini da zafi yana watsuwa, to na'urar ta riga ta gurɓata, komai ƙanƙantar hujin.

Uwargida, sau da yawa ke ce za ki fara jin warin ko ki ga tabon ruwa a wando, shi kuwa maigida ya ce ba komai saboda nauyin maganar. Kada ki biye masa. Likitan mafitsara irin wannan ne aikinsa kullum, kuma akwai su a manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da babban asibitin ƙasa na Yamai.

Ruɓewar da ke kisa

Akwai cutar da ake kira da sunan likitan Faransa Jean Alfred Fournier, wanda ya bayyana ta a 1883. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haɗuwa su bi tantanin ƙarƙashin fata suna toshe jijiyoyi, nama na mutuwa daga ciki tun fatar waje ba ta nuna ba. Tana iya cin santimita biyu zuwa uku a awa guda, daga maraina ta haura mara ta gangara dubura. Alamarta ta farko ciwo ne da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Sai kumburi mai tauri, sai baƙin tabo, sai wari irin na mushe. In ka danna fatar za ka iya jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsa kamar ana murza leda. Iskar da ƙwayoyin ke fitarwa ce. Idan mutum ya fara numfashi sau 22 ko fiye a minti, ko awon jininsa na sama ya faɗo 100 ko ƙasa, ko ya fara sambatu, cutar ta shiga jini.

Zana iyakar jan da biro ka rubuta lokacin, a kama hanyar sashen gaggawa nan take, kada a ba shi abinci don tiyata za a shiga. Maganinta wuƙa ce: a cire na'urar duka, a yanke duk mataccen nama har a kai ga mai zubar da jini, a bar ciwon a buɗe, a koma a sake dubawa cikin awa 24 zuwa 48, sau da yawa fiye da sau ɗaya. Tare da haka ana ba da ƙarin ruwa, insulin, da haɗin magunguna masu ƙarfi ta jijiya kamar piperacillin-tazobactam ko meropenem tare da vancomycin da clindamycin. Ko da an yi duk wannan, a rahotanni da dama kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya tashi, kuma jinkirin shiga tiyata na daga manyan dalilai.

Cirewa, wankewa, da sake sawa

In cutar ba ta kai ga haka ba, akwai zaɓi biyu. Na farko a cire komai a bar wurin ya warke. Shi ya fi aminci ga rai, amma jakunkunan da aka bari wofi sukan cike da tabo su tsuke, gaban ya gajarce da santimita da dama, sake sawa daga baya ya zama aiki mai wuya.

Na biyu shi ne hanyar da Dakta John Mulcahy na Jami'ar Indiana ya bayyana a 1996. Ana cire kowane ɓangare, har jakar ruwa da guntayen zaren ɗinki, a ɗebi mugunya da nama a aika gwaji, har da na naman gwari. Sai a wanke kowane rami bi da bi har zagaye bakwai: ruwan antibayotik, ruwan hydrogen peroxide da aka sirka rabi da rabi, ruwan aidin da aka sirka, sannan feshi mai ƙarfi da lita biyar na ruwan gishiri mai ɗauke da giram ɗaya na vancomycin da miligiram 80 na gentamicin, sai a sake bin ukun farko a juye. Daga nan kowa ya sauya riga da safar hannu, a sauya ƙyallayen rufi da kayan aiki, a sa sabuwar na'ura. Shi ya samu nasara a kashi 82 cikin 100. Yau likitoci da yawa sun bar hydrogen peroxide saboda yana ƙona lafiyayyen nama, sun ƙara maganin naman gwari, kuma sun fi son sa sandunan roba masu lanƙwasuwa a matsayin mai riƙe wuri, domin babu famfon da zai koma cikin jakar da ta gurɓata. Da wannan nasarar na haura kashi 90. Mai so a mayar masa da ta hurawa sai ya dawo bayan watanni.

Ba kowa ake yi wa wannan ba. In cuta ta shiga jini, ko akwai mataccen nama, ko suga ya birkice har jini ya yi tsami, ko sandunan sun huda bututun fitsari, cirewa kawai ake yi. Mutumin da ya zo a makon da famfo ya fara mannewa yana da zaɓi biyun, wanda ya zauna wata guda yana shan maganin kemis galibi na farkon ne kaɗai ya rage masa.

Masu zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu aikin, kada ku hau jirgi a makon farko, kuma kada ku baro asibitin sai da takardar bayanin tiyata, katin na'urar mai sunanta da tsawon sanduna da lambarta, wurin da aka ajiye jakar ruwan, da sunayen magungunan da aka yi amfani da su. Tun kafin tafiya ku sami likitan mafitsara a gida da ya san da zancen ya kuma yarda zai duba ku in kun dawo. Likitan da zai cire na'urar da bai san irinta ba cikin dare yana iya barin jakar ruwan a ciki, ita kuma ta ci gaba da ɗiban mugunya.

Wanda aka cire wa aka bar shi wofi, da zarar ciwon ya rufe kuma likita ya amince, ya fara jan gaban da na'urar zuƙe iska kullum na minti goma ko makamancin haka, ba tare da sa zoben matsewa ba, don rage tsukewar. Kada a bar sake sawar ta ja shekaru, domin tabon ƙara tauri yake yi. Idan aka zo sawa kuma ramin ya ƙi buɗuwa, akwai siraran sanduna da aka ƙera don irin wannan nama, kamar AMS 700 CXR da Titan mai siririn gindi, kuma ana iya musanya su da cikakku bayan sun buɗa wurin na wasu watanni.